Yadda ake tara manyan kalmomin Turanci domin jarrabawar GRE

Duk wanda ke neman gurbin karatun digiri na biyu ko na digirgir a jami'o'in Amurka, da wasu jami'o'in da ke wajenta, yana iya tarar da jarrabawar GRE cikin sharuɗɗan da aka gindaya masa, kuma ɓangaren da ya fi wahalar da wanda Turanci ba harshen uwa ba ne a wurinsa shi ne na kalmomi da fahimtar rubutu. Sau da yawa ɗalibin da ya yi dukan karatunsa da Turanci, ya rubuta kundin digirinsa da shi, har ya ci TOEFL ko IELTS da maki mai kyau, shi ne zai zauna gaban tambaya ya ga kalmomi shida waɗanda huɗu daga cikinsu bai taɓa cin karo da su ba. Dalilin haka a fili yake: TOEFL da IELTS suna auna ko baƙon harshe zai iya zama a aji ya bi darasi, ita kuwa GRE an tsara ta ne domin ta tace har 'yan asalin harshen da suka kammala jami'a, don haka kalmominta na masu dogon karatu ne da rubutun masana.

Kafin a ɗauki littafi ko katin haddar kalmomi, ya kamata a san ainihin abin da jarrabawar take tambaya, domin wasu daga cikin dogayen jerin kalmomin da ke yawo a intanet an haɗa su ne saboda wani tsari da aka daina aiki da shi. Hukumar ETS, wadda ke shirya GRE, ta sauya fasalin jarrabawar a watan Agustan 2011, ta cire tambayoyin da ake ba ɗalibi kalma tsurarta a ce ya nemo kishiyarta, da waɗanda ake ba shi kalmomi biyu a ce ya nemo wasu biyun masu irin dangantakarsu. Tun daga lokacin babu kalmar da ake tambaya sai a cikin jimla. A watan Satumban 2023 kuma aka rage tsawon jarrabawar zuwa ƙasa da awa biyu, ɓangaren harshe ya koma tambayoyi 27 a zango biyu, wato 12 cikin minti 18, sannan 15 cikin minti 23. Makin yana farawa daga 130 ya tsaya a 170, kuma ƙoƙarin da ɗalibi ya yi a zangon farko shi ke yanke irin nauyin tambayoyin zango na biyu. Idan aka raba lokacin, kowace tambaya tana da kimanin minti ɗaya da rabi, don haka kalmar da sai an yi ta lalube a ƙwaƙwalwa kafin ma'anarta ta faɗo, kusan daidai take da wadda ba a sani ba.

Kusan rabin tambayoyin na fahimtar rubutu ne, sauran kuma iri biyu ne. A iri na farko ana ba da jimla ko gajeren sakin layi mai gurbi ɗaya zuwa uku. Idan gurbin ɗaya ne zaɓi biyar ake bayarwa, idan biyu ne ko uku kowane gurbi yana da zaɓi uku, kuma wanda ya dace a biyu ya kuskure a ɗaya bai samu komai ba. A iri na biyu jimla ɗaya ce mai gurbi ɗaya da zaɓi shida, ana so a fitar da kalmomi biyu waɗanda kowacce za ta zauna a gurbin, kuma jimlolin biyu da za a samu su ba da ma'ana guda. Wanda zai rubuta GMAT domin makarantun kasuwanci bai da irin waɗannan tambayoyin a gabansa, saboda ɓangaren harshe nata a tsarin da aka fara a ƙarshen 2023 ya tsaya ne kan fahimtar rubutu da tantance hujja, amma abin da za a faɗa nan gaba game da karatu zai amfane shi.

Ga misalin iri na biyu da na ƙirƙira domin a ga yadda tarkon yake: "Although the chairman's remarks were expected to be ______, he spoke for nearly two hours." Zaɓin su ne terse, candid, prolix, succinct, verbose da florid. Kalmar although da ta buɗe jimlar tana shaida cewa abin da ya faru ya saɓa wa abin da aka zata, kuma tun da shugaban ya yi kusan awa biyu yana magana, abin da aka zata shi ne zai taƙaita. Kafin ido ya kai kan zaɓin, sai ɗalibi ya cike gurbin da tasa kalmar, ko da ta Hausa ce, ya ce "gajere", sannan ya nemi masu kama da ita, waɗanda su ne terse da succinct. Tarkon yana wurin prolix da verbose, domin su ma tagwaye ne, dukansu suna nufin tsawaita magana, kuma wanda batun awa biyun ke yi wa amo a kunne zai yi wuf ya ɗauke su. Ita kuwa candid, wato faɗin gaskiya ba ɓoye-ɓoye, tana zama a gurbin ba tare da ɓata nahawu ba, sai dai babu abin da ke goyon bayanta a jimlar, kuma ba ta da abokiyar tafiya a cikin shidan. Wanda ya haddace ma'anar kalmomin shida duka yana iya faɗuwa a wannan tambaya, wanda kuma ya iya bin jimlar amma bai san succinct ba shi ma zai faɗi, saboda haka dole a gina abubuwan biyu tare.

Abin da ake nufi da sanin kalma

A ganina, kalma ba ta zama ta ɗalibi ba sai ya san abu uku game da ita: ma'anarta, da ko yabo take ɗauke da shi ko zargi, da irin kalmomin da take tafiya da su. Na farkon kowa yana kula da shi, na biyu da na uku kuwa su ne ake yawan tsallakewa, alhali a kansu masu shirya tambayoyin suka fi dogara. Mai jin Hausa bai buƙatar dogon bayani kan na biyun, domin ya san mutum biyu suna iya riƙe abin hannunsu daidai wa daida, a ce da ɗaya mai tattali, a ce da ɗayan marowaci, kamar yadda wanda ya ƙi sauka daga ra'ayinsa yake zama jajirtacce a bakin masoyinsa, mai taurin kai a bakin maƙiyinsa. Haka abin yake a Turanci. Frugal da thrifty suna gefen tattali, parsimonious da miserly suna gefen rowa. Resolute da steadfast yabo ne, obstinate da obdurate da intransigent kuwa zargi ne. Ko a misalin da ya gabata akwai ɗan bambanci, domin succinct taƙaitawa ce mai kyau, terse kuma a wasu wuraren tana ɗauke da ƙamshin gatsali, irin amsar wanda ba ya son a ja shi da magana. Idan jimla tana yabon mutum, duk kalmar zargi ta fita daga lissafi tun kafin a tuna cikakkiyar ma'anarta, kuma wannan kaɗai yana iya rage zaɓi shida su koma uku.

Abu na uku ya fi laushi. Ƙaramin ƙamus zai iya fassara mitigate da assuage da placate duka da "ragewa" ko "sassautawa", amma ba a musanya su yadda aka ga dama. Mitigate tana tafiya da ɓarna da haɗari da tsananin hukunci, assuage tana tafiya da tsoro da baƙin ciki da jin laifi, placate da 'yar'uwarta mollify kuwa mutumin da ya fusata ake yi wa su. A Hausa ma ana sassauta hukunci, ana kwantar da hankali, ana lallashin mai fushi, kuma duk wanda ya ce zai lallashi hukunci an san baƙo ne a harshen. Irin wannan sani ba ya samuwa daga fassarar kalma ɗaya da kalma ɗaya, sai daga ganin kalmar cikin jimloli da dama. Saboda haka ƙamus na Turanci zuwa Turanci shi ne abin dogaro, kuma na Merriam-Webster ya dace da wannan aiki, na farko domin na Amurka ne kamar jarrabawar, na biyu domin a ƙarƙashin kalmomi da yawa yana kawo bayanin da ke rarrabe masu kusancin ma'ana. Fassarar Hausa tana da nata amfanin a matsayin maratayi da ƙwaƙwalwa za ta rataya kalmar a kai, matuƙar ba a ɗauke ta a matsayin dukan ma'anar ba.

Daga nan ne za a ga hikimar koyon kalmomi dangi-dangi maimakon bin jerin abacada. Wanda ya bi abacada zai haddace abate da abdicate da aberrant a rana ɗaya, kalmomin da babu abin da ya haɗa su sai harafin farko, kuma kamanninsu ma yana sa su cakuɗe. Wanda ya tara dangin masu surutu wuri ɗaya, wato garrulous da loquacious da voluble, ya ajiye dangin masu ƙarancin magana a gefensu, wato taciturn da reticent da laconic, ya shirya wa tambayar zaɓi shida kai tsaye, domin tagwayen da ake nema daga dangi ɗaya suke fitowa. Kalmar da ke da labari kuma a nemi labarinta, don ba a cika mantawa da ita ba. Laconic ta samo asali ne daga Lakoniya, yankin mutanen Siparta a tsohuwar Girka, waɗanda aka sani da ƙarancin magana, kuma ana ba da labarin cewa Sarki Filibus na Makidoniya ya aika musu da barazanar abin da zai yi musu idan ya shiga ƙasarsu, sai suka mayar masa da amsa da kalma ɗaya tak: "Idan."

Saiwa da ɗafe-ɗafe

Yawancin kalmomin da ake tambaya a GRE daga Latinanci da Faransanci da Girkanci suka shigo Turanci. Bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada da shari'a, sannan a ƙarni na 16 da na 17 masana suka kwaso kalmomi masu yawa daga Latinanci da Girkanci kai tsaye. Shi ya sa Turanci yake da hawa-hawa, inda ma'ana ɗaya take da kalmar gida da ta fada da ta malamai, kamar ask da question da interrogate, kuma jarrabawar a hawan sama take kiwo. Mai jin Hausa ya riga ya san yadda irin wannan aro yake aiki, domin hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk daga saiwar Larabci ɗaya suka tsiro, kuma wanda ya lura da haka ba zai sha wahalar gane sabuwar kalma daga gidan ba. Saiwar Latinanci mai nufin magana ita ce ta haifi loquacious da eloquent da grandiloquent da colloquial da soliloquy. Ɗafa-goshin circum yana nufin kewaye, don haka circumlocution kewaye-kewaye ne a magana, circumspect shi ne mai duba kewayensa kafin ya taka, wato mai taka-tsantsan, circumvent kewaye doka ne ko wani shinge, circumscribe kuma shata iyaka ne. Saiwoyi da ɗafe-ɗafe kamar hamsin zuwa ɗari, idan aka riƙe su da kyau, suna rage nauyin hadda ƙwarai.

Sai dai saiwa jagora ce mai yaudara a wasu lokuta, kuma masu shirya tambaya sun san inda take yaudara. Na daɗe ina ɗaukar enervate a matsayin ƙara kuzari saboda kamanninta da energy, alhali ma'anarta raunanawa ce da zuƙe ƙarfi, kuma ban gane ba sai da na faɗi tambaya a kanta a wata jarrabawar gwaji. Sanguine daga kalmar jini ta fito, amma tana nufin mai kyakkyawan fata, saboda tsohon ilimin likitancin Turai ya ɗauka cewa rinjayen jini a jiki yana sa fara'a. Mai nufin zubar da jini ita ce sanguinary. Noisome ba ta da alaƙa da hayaniya, abu mai ɗoyi ko mai ƙyama take nufi, restive kuma ba mai hutawa ba ne, wanda ya ƙi zama lafiya ne ya ƙi biyayya. Akwai kuma masu kama da juna da haruffa kaɗan ke rabawa: ingenuous mai sauƙin kai marar wayo, ingenious mai basirar ƙirƙira, venal wanda ake saye da cin hanci, venial ƙaramin laifi da ake yafewa, prescribe umarni, proscribe hani, prodigal almubazzari, prodigious abu mai girman ban mamaki. Irin waɗannan a rubuta su biyu-biyu a kati ɗaya, kowacce da jimlarta, domin rarrabe su ake so a koya.

Wani rukunin da ya fi waɗannan haɗari shi ne na kalmomin da kowa ya ɗauka ya sani. Baƙuwar kalma aƙalla tana sanar da kai cewa ba ka san ta ba, amma qualify za ka wuce ta kana ganin cancanta take nufi, alhali a rubutun masana sau da yawa tana nufin yi wa magana ƙaidi, ta yadda qualified support yake zama goyon baya mai "amma" a ƙarshensa. Haka arrest da check suke nufin dakatar da abu, temper take nufin rage kaifinsa, flag take nufin yin sanyin gwiwa, champion kuma idan aikatau ce take nufin tsaya wa wani ra'ayi. Betray tana iya zama tona abin da ake ɓoyewa, kamar muryar da ke rawa ta tona fargabar mai ita. Pedestrian tana siffanta rubutu marar armashi. Disinterested tana nufin wanda ba shi da wata moriya a cikin al'amari, don haka ake sa ran adalcinsa. Sanction kuwa tana ɗauke da ma'anoni biyu masu karo da juna, amincewa da kuma takunkumi. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da sananniyar kalma ta zauna a jimla zaman da bai yi daidai da abin da ka sani ba, ka buɗe ƙamus ka karanta ma'ana ta biyu da ta uku.

Nawa za a koya, kuma ta yaya za a riƙe su

ETS ba ta fitar da wani jerin kalmomi na hukuma, saboda haka duk jerin da aka gani wani ne ya tattara shi daga tsofaffin tambayoyi da hasashensa. Kafin a kai ga waɗannan ma, a duba ginshiƙi. Paul Nation, masanin koyon kalmomi a Jami'ar Victoria da ke Wellington, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 (a nan dangi yana nufin kalma ɗaya da siffofin da suka tsiro daga gare ta) kafin ya san kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke cikin jarida ko littafin labari. Averil Coxhead ta wannan jami'ar kuma ta fitar da jerin dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun ilimi a shekarar 2000. Wanda ya ga kalmomi irin su arbitrary da implicit da inherent da empirical ba su zauna masa daram ba, ya fara da jerin Coxhead, domin su ne ke cikin jikin jimlolin da sakin layukan, kuma babu amfanin sanin zaɓi shida ga wanda bai fahimci jimlar ba. Bayan haka, shawarata ita ce a ɗauki jeri ɗaya mai kalmomi 800 zuwa 1,000 a tsaya a kansa, a ƙyale masu dubu uku da ɗoriya, sannan a riƙa ƙara masa duk kalmar da aka tsinta a tambayoyin ETS na gaskiya. Kalma 15 a rana, kwana shida a mako, cikin mako 12 ta kai 1,080, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Shigar da kalma ƙwaƙwalwa abu ne mai sauƙi, hana ta zurarewa shi ne aikin. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masani Bajamushe da ya yi gwaji a kan kansa da gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, sannan ta lafa, kuma kowane tishi yana rage mata gudu. A kan irin wannan fahimta ne Sebastian Leitner, wani ɗan jarida a Jamus, ya yaɗa tsarin akwatin katuna a farkon shekarun 1970. Ana raba akwati gida-gida, sabon kati ya shiga gida na farko. Idan an tuna shi ya matsa gaba, idan an manta ya koma gidan farko ko da ya kai na ƙarshe. Ana iya duba gida na farko kullum, na biyu bayan kwana biyu, na uku bayan kwana huɗu, na huɗu mako-mako, na biyar bayan mako biyu, ta yadda lokaci zai tafi kan kalmomin da ke ba da wahala. Manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta a waya ko kwamfuta, kuma ko da wanne aka yi aiki sakamakon ɗaya ne matuƙar ba a yi fashi ba.

Sharaɗin shi ne a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta fito da amsar kafin a juya katin. Maimaita karanta jeri yana sa mutum ya ji kamar ya iya, saboda ido ya saba da kalmomin, amma sabon ido daban, tunawa daban. A wani bincike da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006, ɗaliban da suka sake karanta rubutu sun fi tuna shi bayan minti biyar, amma bayan mako ɗaya waɗanda aka sa su rubuto abin da suka tuna ne suka yi rinjaye. Don haka a faɗi ma'anar da baki, a faɗi jimla, sannan a duba, kuma kada a yi wa kai sassauci da cewa ai an kusa tunawa.

Ga yadda kati ɗaya zai kasance. A fuskarsa a rubuta obdurate kaɗai. A bayansa a rubuta cewa sifa ce, a sa alamar zargi, a kawo gajeren bayani da Turanci mai sauƙi, sannan maratayin Hausa, kamar "mai kafiya, wanda lallashi ba ya ratsa shi". A ƙarƙashi a rubuta danginta, intransigent da obstinate, da kishiyarta, pliant, da tunin cewa saiwarta ɗaya da durable da endure, wato tauri. Daga ƙarshe sai jimlar da mai katin ya ƙirƙira da kansa game da wani mutum ko wani al'amari da ya sani, bayan ya karanta misalai biyu ko uku a ƙamus domin kada ya ɗora kalmar a inda ba ta zama. Haɗa irin wannan kati yana cin minti uku ko huɗu, kuma wannan lokacin shi ne rabin haddar, abin da ya sa katunan da wani ya shirya aka sauko da su daga intanet ba sa kama ƙwaƙwalwa kamar waɗanda mutum ya yi da hannunsa. A kowace rana a fara da tishin tsofaffi kafin a taɓa sababbi, kuma idan tsofaffin suka taru suka yi yawa, a dakatar da sababbin kwana biyu ko uku har a biya bashin.

Katuna kaɗai ba sa koyar da yadda kalma take rayuwa a rubutu, don haka a ware aƙalla rabin awa kullum domin karatu mai nauyi. Mujallu irin su The Economist da The Atlantic da Scientific American da Aeon suna rubutu da irin salon da ake gani a jarrabawar, wadda ke ɗebo batutuwanta daga kimiyya da ilimin zamantakewa da tarihi da adabi da fasaha. Injiniya ya karanta sharhin adabi, ɗalibin tarihi ya karanta maƙala kan ƙwayoyin halitta, domin a fagen da mutum bai saba ba ne rauninsa yake. A karanta sakin layi har ƙarshe ba tare da ƙamus ba, a ja layi ƙarƙashin baƙuwar kalma, a yi hasashen ma'anarta daga abin da ke kewaye da ita, sannan a duba a ga ko an dace, tun da wannan hasashen shi ne ainihin abin da za a yi ranar jarrabawa. Kalma biyar daga kowace maƙala ta isa a mayar kati, in ba haka ba karatun zai koma aikin buɗe ƙamus, a gaji a bari.

A cikin wannan karatun a sa ido sosai kan ƙananan kalmomin da ke juya akalar jimla, domin su ne ke faɗa wa mai karatu ko gurbi yana bin abin da ya gabace shi ne ko yana saɓa masa. Although da yet da despite kowa ya san su, amma akwai masu ɓoyayyen aiki, irin su far from da hardly da anything but, waɗanda ke kife ma'anar abin da ya biyo bayansu, da ostensibly, wadda ke nuna cewa abin da aka faɗa na ganin ido ne kuma gaskiyar tana tafe, da belie, wadda ke nufin zahiri ya ƙaryata abin da ke ciki. Ɗigo biyu na bayani a tsakiyar jimla yawanci suna nuna cewa rabi na biyu fassarar na farko ne, don haka amsar gurbin tana nan a rubuce da wasu kalmomin. Game da rubutun insha'i na minti 30 da ke cikin jarrabawar, wanda ake ba maki daga 0 zuwa 6, kada a cusa masa manyan kalmomi domin burgewa. Tsarin hujja da tsabtar jimla ake dubawa, kuma babbar kalmar da aka ɗora a gurbin da ba nata ba ta fi ƙaramar da ta dace ɓata rubutu.

Tun daga mako na uku ko na huɗu a fara gwada kai da tambayoyin ETS na gaskiya, domin waɗanda wasu suka kwaikwaya sukan dogara da kalmomi masu wuyar gaske fiye da sarƙaƙiyar jimla, wanda ba haka ainihin jarrabawar take ba. Jarrabawar gwaji ta POWERPREP da hukumar ta tanada a shafinta ba ta da yawa, saboda haka a yi ɗaya da wuri domin a san inda aka tsaya, a adana wata sai saura mako biyu, a yi ta da agogo a zama ɗaya. Kowace tambaya da aka faɗi a rubuta ta a littafin kurakurai tare da dalilin faɗuwar: ko ba a san kalmar ba, ko an san ta da ma'anar da ba ita ake nufi ba, ko kuma an san kalmomin duka amma an kuskure alƙiblar jimlar. Bayan tambayoyi talatin ko arba'in za a ga wane dalili ne ya fi yawa. Idan na farko ne a ƙara wa katuna lokaci, idan na biyu ne a koma kan ma'anoni na biyu da kalmomi masu kama da juna, idan kuwa na uku ne to ƙarin hadda ba zai yi magani ba, sai a rage katuna a ƙara karatu da warware jimloli. Ana iya sake rubuta GRE bayan kwana 21, har sau biyar cikin wata 12, kuma makin yana aiki tsawon shekara biyar, don haka yana da kyau a sa ranar zaman farko da tazarar da za ta ba da damar zama na biyu kafin jami'o'in su rufe karɓar takardu. Idan ya rage kwana goma a daina ɗaukar sababbin kalmomi gaba ɗaya, a tsaya kan katunan da suka yi ta komawa gida na farko da kuma littafin kurakuran.